Yadda Muka Ɗauko Baba Daga Fakku

Ina aji huɗu ina rubuta jimloli a allo wayata ta yi ƙara. Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, daga Fakku. Na san lokacin makaranta ba ya kirana, shi ya sa na ajiye alli na fita baranda na ɗauka. Ya ce Baba ya faɗi a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Sun sami mota, suna kan hanyar Tambuwal. Na koma aji na ce wa yara su kwafe abin da ke allo, na je na gaya wa hedimasta, na hau kabu-kabu zuwa asibiti na zauna a bakin ƙofa ina jira.

Baba malami ne kuma manomi. Tun tasowata manya yake karantarwa a zaurensa, bayan la'asar, mutum bakwai ko takwas, kowa da littafinsa. Da damina kuma yana gona kamar kowa. Mahaifiyarmu ta rasu shekara uku kafin wannan faɗuwa, aka yi ta yi masa maganar aure, ya ce ya gama. Matar Baffa ke aika masa abinci, don katanga ɗaya ce tsakanin gidajen. Mu biyu muka rage masa a cikin 'ya'ya: ni, da nake aure a Tambuwal ina koyarwa a firamare, da ƙanena, soja, wanda ba shi ke da ikon ranar zuwansa gida ba. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Kwana goma sha tara ya yi a asibiti. Hawan jini ne, wanda ya daɗe da shi bai sani ba, ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Magana ta dawo a hankali, da nauyi, amma ana ganewa. Hannu da ƙafa ba su dawo ba. Ranar sallama likita ya kira ni da maigidana ya ce abin da asibiti zai yi ya yi, saura aikin gida: magani kan lokaci, rage gishiri, motsa masa gaɓoɓi, da juya shi a kan gado kowane awa biyu ko uku don kada jiki ya yi gyambo. Na ce to. A lokacin na ɗauka magani ne babban aikin, juyawar nan ƙaramin abu ce.

Maigidana ya riga ya kwashe kayan da ke ɗakin kusa da zaurenmu, ya sa an yi shara an shimfiɗa leda. Da na gaya wa Baba, ya dube ni da idon nan nasa guda da bai faɗa ba, ya ce, "Uwata, ba ni kwana gidan suruki. Ku maishe ni gida."

Na yi magana, Baffa ya yi magana, Baba bai sauya ra'ayi ba. Muka mai da shi Fakku.

Makon farko gidan cike yake. Ɗalibansa, waɗanda wasunsu sun yi jikoki, suka raba kwanaki a tsakaninsu. Amma ruwa ya zauna, noma ya kama, mutum ba zai bar gonarsa ta cika da ciyawa ba. Mai zuwa kullum ya koma zuwa bayan kwana biyu, mai wuni ya koma gaisuwa a tsaye. Ban ga laifin kowa ba. Aikin ya koma kan Baffa shi kaɗai, shi kuma ya haura saba'in, gwiwoyinsa ma da ƙyar suke kai shi masallaci.

Ni kuma duk Juma'a da an tashi makaranta nake kama hanya, mota zuwa Kebbe, daga can babur, in dawo Lahadi da yamma. Ina dama kunu, ina wanke zannuwan gado, ina ba shi abinci a baki, ina matsa masa hannu da ƙafa. Iyakata ke nan. Abin da ya shafi tsarki da wanka da canza wando ba hurumina ba ne, shi ma ba zai yarda ba. In lokacin ya yi sai ya ce, "Kira Baffanku," in fita in ja ƙofa.

A mako na biyar na shiga ɗakin na ji wani wari da ba na fitsari ba. Na canza zanin gado, na kunna turare, warin yana nan. Na sami Baffa a zaure na tambaye shi. 

"Akwai ciwo ga kwankwasonai," ya ce. "Ya kwan biyu. Shi ya hana in faɗa miki."

"Baffa, ana juya shi kuwa?"

"Da safe in an samu mai kama mini. Ɗiyata, ba ni iya ɗaga shi ni ɗaya. Na gwada, mu duka munka faɗi."

Ban taɓa ganin Baffa yana share hawaye ba sai ranar. Washegari na ɗauko ma'aikacin lafiya daga Kebbe. Ya shiga ya duba, ya wanke, ya fito ya kwatanta mini girman gyambon da tafin hannunsa. Ya ce in aka ci gaba a haka, ba shanyewar jikin ce za ta kashe shi ba, wannan ciwon ne.

Na sake ɗauko maganar gidanmu. Wannan karon maigidana da kansa ya zo, ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce shi zai riƙa yi wa Baba komai da hannunsa, safe da yamma, kamar yadda zai yi wa mahaifinsa. Baba ya juya fuska ga bango. Da maigidana ya fita ya ce mini, "Mutumin kirki na. Allah shi yi mai albarka. Amma mijin ɗiyata ba shi ganin tsiraicina ina da rai." Na san Baba. In ya faɗi magana da wannan muryar, an gama.

Wata ma'aikaciyar jinya da 'yarta ke ajina ita ta fara yi mini maganar Alhaji, haka kowa ke kiransa. Ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki a ɗakin maza na asibiti, shi ne mai ɗaga marasa lafiya, mai wanke su, mai canza musu shimfiɗa. Da ya yi ritaya mutane suka riƙa kiransa gida-gida. Da yawon ya ishe shi sai ya gyara wani babban ɗaki a ƙofar gidansa, ya sa gadaje biyu, yake karɓar maza tsofaffi waɗanda ciwo ya kwantar kuma ba su da mai ɗaga su. A lokacin mutum ɗaya ne a wurinsa, wani tsohon magatakardan kotu da ciwon suga ya sa aka yanke masa ƙafa.

Na yi kwana uku ban gaya wa kowa ba. A wurinmu ba a kai iyaye gidan wani. Ko kalmar da za a kira abin da ita ba mu da ita. Daga baya na gaya wa maigidana, muka je tare bayan la'asar.

Gidan yana bayan kasuwa, tafiyar minti goma daga namu. Ɗakin yana da taga biyu da fanka, ƙasa siminti, an wanke ta har tana sheƙi. Akwai banɗaki a jiki mai faɗin ƙofa, da wata kujerar roba da aka huda tsakiyarta, da keken guragu a jingine. Magatakarda yana zaune a kan gadonsa da rediyo a cinya, ya amsa gaisuwarmu da fara'a. Abin da na fara lura da shi shi ne ɗakin ba ya wari.

Alhaji gajere ne mai kauri, ya ba sittin baya, ba ya yawan murmushi. Ya saurari bayanina har na gama, ya tambayi nauyin Baba, da ko yana haɗiye abinci ba ya sarƙewa, da ko an sa masa robar fitsari. Sannan ya ce yana da sharaɗi biyu.

"Na ɗaya, abinci daga gidanku za shi fito, kuma ke ko wani nashi za shi kawo da hannu. Na biyu, ba a kwana a wuni ba a zo an gan shi ba. Ni jinya nika yi, ba ajiya nika karɓa ba. Ran da kunka fara aiko da kwano, ranar za ni aiko muku da tsohonku."

Maganar haƙƙinsa ba ta ɗauki lokaci ba, ƙanena ya ce ta waya wannan nasa ne. Abin da ya ɗauki lokaci shi ne dangi.

Ranar Asabar muka zauna a zauren Baffa, da shi, da Gwaggo, yayarsu da ke aure a Jabo, da ni, ƙanena kuma a waya an sa a tsakiyar tabarma. Gwaggo ce ta fara. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an ɗauki malami sukutum an kai shi gidan bare ba, kamar wanda bai haifu ba. Ta ce wannan abin turawa ne, boko ne ya kawo shi. Ta ce, "Ke da ya ɗauke ki ga wuya har makaranta, yau ke za ki kai shi a riƙa biya ana wanke shi?"

Maganar ta yi mini zafi, amma ban mayar ba, Gwaggo ce. Na ce, "Gwaggo, ki gaya mini wanda zai juya shi sau takwas a rana, in fasa yanzu."

Ta ce Allah ba ya hana bawa mataimaki. Baffa, wanda na ɗauka zai goyi bayanta, ya ce, "Yaya, ni nika wurin. Mataimakin bai zo ba." Ƙanena ya ce a tambayi mai jikin.

Na shiga na gaya wa Baba komai, ban ɓoye masa ko ɗaya ba, har da cewa akwai wani a ɗakin. Ya saurara idonsa a rufe. Na zaci zai juya ga bango. Sai ya ce, "Mutumin ga, ya san hukuncin tsarki?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Shi zo in gan shi."

Alhaji ya zo ranar Talata da 'yar jakarsa. Na nemi izini a makaranta na raka shi. Ya yi sallama ya shiga, ya ce a kawo masa ruwan ɗumi bokiti biyu da tawul da sabulu, ya rufe ƙofa. Muka zauna a tsakar gida ni da matar Baffa muna tsinke zogale. Sun fi awa ɗaya. Da ya buɗe ƙofa, na tarar da Baba a jingine da filo, an yi masa aski, an gyara gemu, an yanke farce, an sa masa farar riga. Tun ranar da ya faɗi ban gan shi a zaune haka ba. Daga baya Alhaji ya gaya mini cewa ya yi masa wanka a kan gadon ba tare da ya yaye mayafin gaba ɗaya ba, yana buɗe wuri yana rufe wuri, kuma ya yi masa alwala cikakkiya, wadda rabonsa da ita tun asibiti, taimama yake ta yi.

Baba ya jira Alhaji ya fita wanke hannu, ya ce, "Wanga ya san aikinai. Ku sa rana."

Muka sa ranar Asabar mai zuwa, saboda ciwon ba ya jira.

Haɗa kayan bai yi wuya ba, don Baba ba mai tara kaya ba ne. Riguna biyar, huluna, bargo, buzun salla, buta, carbi, tabarau. Littattafai ne suka tsayar da mu. Suna cikin akwatunan ƙarfe uku, wasu na bugu, wasu rubutun hannu a cikin gafaka, tun na kakanmu. Ya sa na riƙa ɗagowa ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan a bari, wannan a ɗauka. Guda shida ya zaɓa, da Alƙur'aninsa. Sauran ya ce a bar su a zaure a hannun babban ɗalibinsa, wani tela, kuma karatun bayan la'asar kada a daina ko mutum biyu ne suka zo. Awakinsa uku ya ba matar Baffa. Gonar kuma dama Baffa ya riga ya ba wani aro.

Da safiyar Asabar ƙofar gida ta cika. Ban san wa ya sanar da mutane ba. Maza a tsaye, mata a leƙe ta katanga. Alhaji ya nuna wa mutum uku yadda za su kama zanin gadon ta kusurwa, aka ɗauko Baba a ciki aka kwantar da shi a bayan motar da muka ɗauka haya, an cire kujera an shimfiɗa katifa. Wasu suka fara zuwa suna cewa, "Malam, a yafe mu." Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Baba ya ɗaga hannun hagu ya ce da ƙarfin da ban san yana da shi ba, "Ban mutu ba. Tambuwal za ni." Aka yi 'yar dariya, liman ya yi addu'a, muka tashi. Gwaggo ba ta zo ba.

Hanyar ta ɓaci da ruwa. Sau biyu direba ya sauka ya duba zurfin laka kafin ya shiga. Alhaji yana baya ya tallafe kwankwason Baba da filo don kada gyambon ya gogu. Kafin Kebbe Baba ya yi amai, muka tsaya gindin wata bishiya aka gyara shi. Bai tambayi komai ba, bai dubi taga ba. Ni ce na yi ta waiwaye. Mun isa bayan azahar. Aka kwantar da shi a gadon kusa da taga, na jera littattafansa a kan ɗan teburi, na rataye rigunansa a ƙusa. Magatakarda ya yi masa sannu da zuwa, ya amsa a taƙaice. Na rasa abin da zan ƙara yi, na tsaya riƙe da buta. Alhaji ya ce, "Malama, ki tai gida ki ɗora tukunya. Da magariba ki kawo."

Na fito na tsaya a bakin titi. Ban yi kuka ba. Abin da na ji shi ne sauƙi, kuma na ji kunyar jin sauƙin.

Makonni biyun farko ba su yi daɗi ba. Baba ya rage ci. In na kawo tuwon gero miyar kuka ya yi loma uku ya kau da kai, ya ce ba gishiri. Ba ya buɗe littafi. Rediyon Magatakarda ya dame shi, shi kuwa Magatakarda tun daga labaran safe har shirin zaɓen waƙoƙi na yamma ba ya kashewa. Wata rana na iske su kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Alhaji ya ce sun yi cacar baki, Baba ya ce ɗakin ya zama tasha, Magatakarda ya ce shi ya riga shi zuwa tashar. Na ce ko in yi wa Magatakarda magana. Alhaji ya ce in bar su, wanda ke faɗa yana da sauran ƙarfi.

Na fara tunanin ko Gwaggo ce ke da gaskiya. A wani suna da na je a unguwarmu, wata mata da ba ta san ina bayanta ba take ba da labarin malamar makarantar da ta kai ubanta gidan haya don kada ya ɓata mata ɗaki. Da ta juyo ta gan ni ta kama gyaran mayafi. Na gaishe ta na wuce. A gida na gaya wa maigidana, ya ce, "Gobe ki tambayi labarin ciwon nan ki ji abin da Alhaji zai ce, shi ne amsarki." Washegari Alhaji ya ce gyambon ya daina ruwa, nama ya fara tasowa daga gefe.

Abin da ya daidaita tsofaffin biyu ban gan shi da idona ba, ba ni labari aka yi. A rediyon aka yi wa wani malami tambaya kan rabon gado, ya ba da amsa. Baba daga kwance ya ce ba haka ba ne. Magatakarda, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana rubuta shari'un gado, ya ce haka ne mana. Baba ya sa Alhaji ya miƙo masa ɗaya daga cikin littattafan, ya ce a buɗe wuri kaza. Magatakarda ya sa tabarau ya karanta, sannan ya ce amma a kotu ba haka suke yi ba. Suka wuni a kai. Da na kawo abincin dare ko sannu ba su yi mini da kyau ba. Tun daga ranar, bayan la'asar rediyo yana mutuwa, Magatakarda yana karantawa da ƙarfi, Baba yana fassara yana gyara masa wasali. Daga baya maƙwabta biyu suka fara shigowa suna zama a bakin ƙofa.

Tsarin rayuwata ya koma haka: kunu da ƙosai da safe kafin makaranta, abincin rana babbar 'yata ke kaiwa in ta dawo, na dare ni da kaina, in zauna har a kira isha'i. Ranar da aka yi mana taron bita a Sakkwato maigidana ya kai. Shi kullum daga waje yake durƙusawa ya gaishe shi, Baba ya amsa daga ciki, a tambayi aiki a tambayi yara, shi ke nan. Har yau haka suke, kuma ga alama su duka biyun hakan ya yi musu.

Gyambon ya rufe bayan wata huɗu. Ƙafar ta ɗan dawo, yana iya tsayawa in an riƙe shi, daga gado zuwa keke. Hannun bai dawo ba. Ranar Juma'a Alhaji yana tura shi a keken zuwa masallacin unguwa. Gwaggo ta zo a wata na shida, ba ta sanar da ni ba, sai na shigo da kwano na tarar da ita zaune a ƙasa tana ɓare masa lemo. Ta dubi ɗakin ta dubi zannuwan da ke shanye a igiya, ba ta ce ta yi kuskure ba, ni ma ban sa ran za ta ce ba. Da za ta tafi ta ce in riƙa sa masa daddawa da yawa a miya, tunda an hana gishiri.

Da babbar salla ta zagayo ya ce yana son zuwa Fakku. Muka shirya kwana bakwai, Alhaji ya ba mu keken, ya rubuta mana lokutan magani a takarda. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, tela ya kawo ɗaliban suka yi karatu a gabansa, ya ji daɗi sosai. Amma ɗaga shi da tsarkinsa suka koma hannun mutum uku da ba su iya ba, kowa yana ja ta nasa gefen. A rana ta uku ya kira ni.

"Uwata, gobe mu koma."

"Baba, sauran kwana huɗu."

"Na ga mutane, sun gan ni. Ki kira mai mota."

A wannan komawar ba wanda ya taru a ƙofa, Baffa kaɗai ya rako mu bakin hanya. Baffa ya rasu a bazarar da ta biyo baya, ciwon kwana biyu. Da na gaya wa Baba, ya yi salati, sannan ya ce shi ya ɗauka Baffa ne zai yi masa sutura. Magatakarda ma ya rasu bara. Gadonsa ya yi wata biyu ba kowa, Baba ya rage magana, har aka kawo wani tsohon direba wanda ba ya karatu amma ba ya gajiya da labari. Baba yana ƙorafinsa kullum, kuma in aka fita da direban asibiti sai ya yi ta tambayar yaushe zai dawo.

Yanzu shekara uku ke nan da wata biyu. Abin da ke gabanmu shi ne Alhaji kansa. Bayansa ya fara ciwo, ya fara sa bel ɗin ɗaure baya, kuma ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa ba ya jin zai wuce shekara ɗaya ko biyu yana wannan aiki. Ƙanena ya kusa ajiye kaki, ya sayi fili a Tambuwal ya fara gini, da ɗaki ɗaya a ƙofar gida mai faɗin ƙofa.

Da ya zo hutu watan jiya, kullum da safe yana wurin Alhaji yana koyo. Na iske su wata rana ana darasin juyawa. Alhaji yana cewa a lanƙwasa gwiwar mara lafiya tukuna, a sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a kwankwaso, a jawo shi zuwa jiki, ba a tura shi ba. Ƙanena ya kama da ƙarfin soja, Baba ya yi ƙara.

"Kai, ba buhun gero kaka ɗauka ba," Baba ya ce. "Sake."

Ya sake, a hankali. Alhaji ya gyara masa hannu ya ce ya ƙara sau ɗaya. Da aka zo canza wando na ajiye kunun a kan teburi na fita, na tafi makaranta, don an kusa kaɗa ƙararrawa.